A Raba Buhun Nan Biyu

Baffana ya yi shekara 9 yana sallah a zaune kafin Allah Ya karɓi ransa. Bai yi hatsarin mota ba, bai faɗo daga bishiya ba. Wata kaka ce, an gama bugun masara an ɗura a buhuna, ana lodi a amalanke da la'asar sakaliya, kowa na sauri kada magariba ta riske mu a gona. Shi da wani yaro ɗan ƙwadago suka kama buhu, Baffa ta kunnuwa, yaron ta gindi. Sun lila shi sau biyu za su cilla, sai hannun yaron ya suɓuce. Da Baffa ya saki, iyakaci buhun ya faɗi ya fashe, a kwashe a sake ɗinkewa. Bai saki ba. Ya murɗa ƙugu ya tare shi shi kaɗai, ya tura shi kan amalanken da ƙirji. Ina tsaye riƙe da igiyar shanu na ga fuskarsa ta sauya. Ya dafa tayar amalanken, ya daɗe bai miƙe ba.

Da dare na same shi kwance rigingine a tabarma, ya ɗora ƙafafunsa a kan kifaffen turmi. Na ce, "Baffa, gobe mu je asibiti a duba ka." Ya ce, "Kai ɗan nan, asibitin me? Sanyi ne ya sauko min. Je ka ce wa wanzami ina nemansa da safe." Aka yi ƙaho, aka shafa man zafi, bayan mako guda ya koma gona, domin ga dawa ta isa yanka. Damina na zagayowa zafin ya bi ta ɗuwawu ya gangara ƙafar hagu har yatsu. In ya ɗan yi tafiya sai ƙafar ta sage, ya nemi wurin zama. Daga baya ruku'u ya gagara. Mutanen gari in sun zo gaishe shi sai su ce, "Girma ne ya zo, Malam." A lokacin bai cika shekara 50 ba.

Abin da ya dawo min da wannan labari shi ne tsayuwar da na yi kwanan baya a kasuwar hatsi ta Dawanau, ina kallon ana loda tirela. An jingina katako daga ƙasa zuwa bayan motar. Mutum biyu su ɗaga buhu, na uku ya sunkuya ya shiga ƙarƙashi, a aza masa tsakanin wuya da kafaɗa, ya damƙi kunne ɗaya, ya hau katakon da ɗan gudu-gudu, katakon na lanƙwasa yana dawowa. In ya kai sama ya karkace ya yar, ya sauko ya sake bin layi. Yawancinsu samari ne sirara, wasu da silifa, wasu ƙafa ba takalmi. Da dama daga cikinsu manoma ne da suka gama nasu girbin suka shigo birni cin rani. Buhun da suke ɗauka shi ne wanda kowa ya sani, mai tiya 40, wanda ake lissafa shi kilo 100. Saurayin da ke ƙarƙashinsa kuwa, in aka ɗora shi a sikeli, da ƙyar zai wuce kilo 60.

Da wannan buhu nake da magana. Lissafa sau nawa ake ɗaga shi tun daga ranar da aka ɗinke bakinsa. A gona a ɗora a amalanke, a gida a sauke a shigar ɗaki, ranar kasuwa a fito da shi a sa a mota, a kasuwar ƙauye a sauke, ɗan kasuwa ya saya a sake lodi zuwa Dawanau, a jera shi a sito har ya kusa taɓa rufi, sannan a sauko da shi a loda zuwa Legas ko Maraɗi. Duk ɗagawa ɗaya a bayan wani take ƙarewa.

Duniya ta daɗe da auna wannan al'amari. A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta zartar da yarjejeniya a kan iyakar nauyin da ma'aikaci ɗaya zai ɗauka, kuma shawarar da ta biyo bayanta ta ce duk inda ake barin namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55, a gaggauta saukowa zuwa nan. Na mata da na yara kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Wannan ma'aunin kusan shekara 60 ke nan, kuma waɗanda suka ci gaba da bincike sun ga ya yi yawa. Cibiyar da ke nazarin lafiyar ma'aikata a Amurka ta kafa lissafinta a kan kilo 23, shi ma in komai ya daidaita, wato kayan na kusa da jiki, akwai mariƙi mai kyau, ba murɗawa, ba yawan maimaitawa. A Ingila jagorar hukuma kilo 25 ce ga namiji, 16 ga mace, in kayan na daidai ƙugu manne da jiki. Buhun masararmu ya ninka na Ingila sau 4. Ban taɓa jin likitan da ya ce ƙashin bayan Bahaushe ya ninka na Bature sau 4 ba.

Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere, ɗaya bisa ɗaya. Tsakanin kowane biyu akwai wani guringuntsi mai kama da ƙaramin matashi, wajensa tauri, cikinsa taushi, kuma ta gefen waɗannan gaɓoɓi ne jijiyoyin da ke zuwa ƙafafu suke fitowa daga laka. In mutum ya sunkuya ya cicciɓi kaya, nauyin da ke sauka a kan gaɓoɓin ƙugu ya ninka nauyin kayan sau da yawa. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da jigo ya san dalili: iya nisan guga daga gindin jigon, iya ƙarfin da ake bukata a ɗaya gefen. In aka haɗa sunkuyo da murɗawa, ga gajiyar yini, sai matashin nan ya tsage, abin cikinsa ya bulluƙo ya danne jijiya. Zafin da ke bin ƙafa har yatsu, wanda Baffa ya kira sanyi, yawanci daga nan yake tasowa. Amma ba kowa ne ke da rana guda da zai nuna ya ce ran nan ne ba. Mafi yawa a hankali abin yake cin su, damina bayan damina, har ran da mutum zai sunkuya ɗaukar buta ya kasa miƙewa. Haka wuya ga masu ɗauka a ka, haka kafaɗa, haka gwiwa. Yunƙurin ɗaukar nauyi kuma yana matsa kayan ciki, su nemi hanya ta inda bangon ciki yake da rauni a matsematsi. Duk lokacin da aka yi shelar aikin ƙaba da gwaiwa kyauta, je ka dubi tafin hannun waɗanda suka cika layin, za ka gane sana'arsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, ana hasashen su kai miliyan 843 a 2050, kuma babu ciwon da ya kai shi nakasa mutane a duniya. Ga ma'aikacin ofis wannan ciwo yana nufin sauya kujera da ɗaukar hutun jinya. Ga manomi yana nufin gonar da ba a yi wa maimai ba, buhu 20 ya koma 8, a cire yaro daga makaranta ya riƙe fartanya, daga ƙarshe a jinginar da gonar.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan da muke ba abin. Muna cewa sanyi, muna cewa gajiya, muna cewa girma. Babu ɗaya cikin sunayen nan da ke nuna yatsa ga aikin da ya jawo shi, don haka babu wanda yake jin akwai abin gyarawa. Mun yi wa noma kirari da na duƙe, tsohon ciniki, kuma ina son kirarin nan, da shi na tashi. Na ga gayya, na ga yadda ganga ke sa saurayi ya bar tsaransa a baya a kunya, 'yan mata na guɗa a bakin gona. A irin wannan tarbiyya namiji ba ya cewa wayyo, kuma wanda ya ce a kama masa buhu sai a ce rago ne. Hotunan dalar gyaɗar Kano ma da muke alfahari da su, dala muke gani. Kowane buhu da ke ƙololuwarta a kan wani lebura ya hau, kuma ban taɓa jin an tambayi yadda waɗannan mutane suka ƙare tsufansu ba. Jarumtar gaskiya ce, ba na musun ta. Abin da nake ƙi shi ne a mai da ita hujjar ƙin rage wa jarumin kaya.

Ciwon da aka hana shi suna kuwa, sai ya nemi magani a ɓoye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba a shekarar da ta gabaci binciken. Mun saba ɗaukar masu shan tiramol a matsayin 'yan iskan gari. Wasu haka ne. Amma wanda ya zauna da 'yan ƙwadago ya san da yawansu don aiki suka fara, don a iya gama jinga kafin rana ta faɗi, don a iya tashi gobe. Zafi shi ne mai gadin jiki, shi ke cewa tsaya haka. Ƙwayar sai ta toshe masa baki, saurayi ya ci gaba da ɗora kilo 100 a kan gaɓar da ta riga ta tsage. Ga kuma haɗin maganin gajiya da ake ƙullawa a leda, wanda manya ma ke sha kullum da dare, alhali da yawan ƙwayoyin kashe zafin da ke ciki in aka daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Duk wa'azin da za a yi wa matasan karkara a kan ƙwaya, in bai taɓa nauyin da ke kansu ba, rabin magana aka yi.

Na mata ma ko suna ba a kai ga ba shi ba, don ba a lissafa shi a aiki. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce cif, ban da nauyin robar, kuma yarinya 'yar shekara 12 ke ɗora ta a ka ta yi sawu uku kafin hantsi. Ga itace, ga daka da surfe. A garuruwan da mata ke fita gona, su ne a roron wake da tsinkar barkono da tumatir, a duƙe tun safe, goyo a baya, wata ma da ciki. Likitocin mata sun daɗe da sanin yawan ɗaukar kaya masu nauyi na cikin abubuwan da ke taimaka wa zazzagowar mahaifa, musamman ga wadda ta koma aiki jego bai yi nisa ba. Wannan kuwa ciwo ne da mace kan ɓoye shekara da shekaru saboda kunya.

Wani zai ce, to ai fartanya ma tana karya baya, me ya sa ka tsaya a kan buhu? Gaskiya ne tana karyawa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aikatan gonakin latas, yawancinsu 'yan asalin Meziko, sun yi shekaru ana tilasta musu aiki da wata fartanya mai gajeriyar ƙota. Masu gona na son ta don daga nesa shugaban lebura zai hango duk wanda ya miƙe ya huta. Ma'aikatan suka kai ƙara, likitoci suka ba da shaida a kan abin da take yi wa baya, maganar ta je har kotun ƙolin jihar, a 1975 aka hana amfani da ita. Masu gona sun ce noma zai durƙushe, bai kuwa durƙushe ba. Mu ma ba baƙi ba ne ga aikin tsaye. Da sungumi ake shuka, a tsaye. A ƙasar jigawa mai yashi, can arewa wajen iyaka da cikin Nijar, ana noma da ashasha mai doguwar ƙota, mutum na tura ta yana tafe a miƙe. Sai dai ƙasa ta bambanta. Abin da ya yi a yashi ba lalle ya yi a laka ba, kuma huɗa da garma tana da nata hukunci. Wannan aiki ne na maƙera da masassaƙa da masu bincike irin na Samaru a Zariya da cibiyar injinan noma ta Ilori, su zauna da manoma gona-gona, kuma zai ɗauki lokaci. Buhu kuwa ba ruwansa da irin ƙasa. Mutane ne suka yanka shi a wannan girma, mutane kuma za su iya yanka shi a wani.

Kada a ce a jira doka ta zo ta biya diyya. Najeriya na da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, inda mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa. Doka ce mai kyau ga wanda ke da takardar ɗaukar aiki da albashin wata. Ɗan ƙwadagon da aka ɗauka a bakin tasha da asuba aka sallame shi da magariba, wa zai rubuta sunansa? Manomin da shi ne mai gona shi ne lebura, wa zai kai ƙara? Yarjejeniyar ILO ta 2001 a kan lafiyar ma'aikatan gona ta faɗa ƙarara cewa kada a sa ma'aikaci, kada ma a bar shi, ya ɗauki kayan da nauyinsa zai iya cutar da shi. Amma ita kanta ta cire mai noman abin da zai ci da iyalinsa daga cikin waɗanda ta shafa. Mutanenmu ta wannan ɓarakar suke zubewa. Kada kuma a ce a tara su a koya musu durƙusawa da gwiwa kafin ɗagawa a tafi. Binciken da aka tattara daga wuraren da aka gwada ya nuna koyar da salon ɗagawa kaɗai, ko ɗaura bel a ƙugu, bai rage ciwon baya yadda aka zata ba. Babu salon da zai mai da kilo 100 abin ɗaukar mutum ɗaya.

Dubi abin da ke shigowa ƙauye daga masana'anta. Takin zamani kilo 50. Siminti kilo 50. Sukari, fulawa, shinkafar kamfani, duk 50 ko ƙasa da haka. Ba wanda ya ce ciniki ya tsaya. Abin da ke fita daga ƙauye ne kawai, wato gumin manomi, ake ɗurawa ɗari-ɗari. Albasa da dankali ma sun fi haka muni, don a nan har ƙari ake ɗinka wa buhu a baki ya yi tozo, kuma kuɗin buhu ɗaya ake biya. Babban buhu riba ce ga mai saye da ido: yana karɓar ƙari kyauta, yana biyan kuɗin dako da na mota da na haraji a kan buhu ɗaya. A Kenya irin wannan cuta ce ta sa a 2019 aka fitar da ƙa'idar cewa buhun dankalin Turawa kada ya wuce kilo 50, bayan dillalai sun daɗe suna sayen buhunan da suka haura kilo 100 a farashin buhu. Aiwatarwar ta sha wuya, dillalai sun yi ta bijirewa, wasu yankuna sun riƙe wasu sun sake. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne takarda daga babban birni ba ta isa ba, sai kasuwa da kanta ta yarda.

Mu kuwa kasuwanninmu suna da shugabanni da ake jin maganarsu. In shugabannin Dawanau da na manyan kasuwannin hatsi na Katsina da Jigawa da Kaduna suka sa rana suka ce daga kaka mai zuwa ba a sauke buhun da ya wuce tiya 20, masu saƙa buhu za su bi kasuwa, don abin da ake saye suke yi. Kamfanonin casar shinkafa da na abincin kaji, da gwamnati in ta zo sayen hatsin ajiya, su ne manyan masu saye, kuma sharaɗi ɗaya a takardar cinikinsu ya isa ya juya dubban buhuna. Ma'aikatar ciniki ta tarayya na da sashen awo da ma'auni, wannan aikinsa ne. Ƙungiyar manoma ta AFAN, wadda muke jin muryarta a kan taki da bashi, ya kamata mu ji ta a kan wannan.

Akwai tsada, ba zan ɓoye ba. Buhu biyu sun fi ɗaya kuɗi, ɗinki ya ƙaru, sawu ya ƙaru. Babban abin tsoro kuma shi ne a raba buhu biyu a raba kuɗin dako biyu, sannan a ce wa ɗan dako ya riƙa haɗa biyu a kafaɗa don ya mai da abin da ya saba samu. In haka ta faru ba a yi komai ba. Dole ƙungiyoyin 'yan dako su kasance a wurin da za a yanke maganar, a tsayar da lada a kan nauyin da aka kwashe, a hana ɗaukar biyu. Kilo 50 ɗin ma ba sauƙi ba ne, ya ninka ma'aunin Ingila sau 2. Amma mutum biyu na iya ɗaga shi ba tare da lilo da cillawa ba, yana shiga baro, kuma in hannun yaro ya suɓuce, wanda ya rage zai iya tare shi ya tashi lafiya. In aka haɗa da dakalin lodi mai tsayin bayan mota a bakin sito, da kura mai kai kaya daga sito zuwa mota, katakon nan mai lanƙwasa sai ya zama labari.

Bara na gwada a gonar gidanmu, wadda ɗan Baffa ke nomawa yanzu. Na tara buhunan sukari da na fulawa da aka juye, aka wanke, na ce a ɗura masarar a ciki. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, za a ce mun talauce." Amma ya yi. Ran lodi ni da shi muka gama amalanke uku, ba mu kira kowa ba, kuma da dare na ga ya yi sallar isha'i bai dafa bango ba wajen tashi. Ranar kasuwa muka kai. Dillalin ya zagaya kayan ya ce shi bai san farashin wannan ba, mai mota ma buhu yake ƙirgawa, ba zai rage kuɗi don buhu ƙarami ne ba. Muka yi ta ja har azahar. Daga ƙarshe aka sayo manyan buhuna, muka tsaya a bakin kasuwa muna farke namu muna juye biyu-biyu a ɗaya. Aka ɗinke, aka kira wani yaro ɗan dako, mutum biyu suka ɗaga suka aza masa a wuya.